Darasi na Tara: Me Ya Sa Tsibin Hatsi da na Yashi Ke Zaftarewa?

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana son ɗalibi ya iya:

1. bayyana dalilin da ya sa busasshen hatsi ko yashi yake da iyakar gangaren da ba ya wucewa;
2. auna tsibi da igiya da sanda, ya ƙiyasta nauyinsa;
3. gane inda haɗarin zaftarewa yake a masussuka da sito da ramin yashi da ramin zinare, ya kuma san matakan kariya.

Gabatarwa

Idan kaka ta yi a Randagi da sauran garuruwan yammacin Birnin Gwari, za a ji kukan injin casa yana zubo tsabar masara a kan tamfol. Wanda ya tsaya ya lura zai ga tsabar ba ta gangarowa bai ɗaya. Takan taru a ƙololuwa na ɗan lokaci, gefen tsibin ya ƙara miƙewa, can sai wani sashe ya ɓalle ya kwararo ƙasa, sannan komai ya tsaya cik. Jim kaɗan a sake. Tsibin yana ta girma, amma gangarensa yana nan yadda yake, ko na buhu biyu ne ko na buhu ɗari.

Wannan ɓallewar ita ce zaftarewa. Ana ganinta a duk abin da ya ƙunshi tsaba ko ƙwayoyi busassu: gero, dawa, masara, waken suya, yashi, tsakuwa, gishiri, takin zamani. Irin waɗannan abubuwa suna da hali biyu. A cikin buhu ana zama a kansu, a cikin ƙwarya kuwa ana tsiyaya su, kuma suna iya sauyawa daga wannan hali zuwa wancan cikin ƙiftawar ido. A masussuka sauyin ba ya cutar da kowa. A bakin rami kuwa yana cin rai, shi ya sa ya wajaba manomi da mai ɗibar yashi da mahaƙin zinare su san ƙa'idarsa.

1. Ƙarfi biyu masu ja-in-ja

Kowace ƙwaya da ke gefen tsibi tana tsakanin ƙarfi biyu. Na farko nauyinta, wanda kullum yake jan ta ƙasa. Na biyu cijewa: jikinta yana gugar na maƙwabtanta, kuma tana zaune cikin ɗan gurbin da ke tsakaninsu, sai ta haura kan wata kafin ta gangara. Muddin gangaren bai yi tsanani ba, cijewa ke rinjaye. Da ya miƙe ya wuce iyaka, sai nauyi ya yi rinjaye.

Wani injiniyan soja ɗan Faransa mai suna Charles Coulomb, wanda ya yi shekaru yana gina ganuwa, ya rubuta wannan ƙa'ida a 1773. Ya nuna cewa duk yadda aka ƙara wa abu nauyi, ƙarfin da ke jan sa yana ƙaruwa, cijewarsa ma tana ƙaruwa daidai da haka. Saboda haka girman tsibi ba ya sauya iyakar gangarensa. Siffar ƙwayar da kaushinta ne ke sauya ta. Ƙwaya mai santsi da mulmule takan baje, mai kaushi ko tsayi ko kusurwoyi takan tsaya a miƙe. Shi ya sa tsibin shanshera ya fi na gero tsini, tsakuwar da aka fasa kuma ta fi ta rafi riƙe juna.

2. Kusurwar tashi da kusurwar kwanciya

Ana auna gangare da digiri. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa digiri 0 ce, bangon ɗaki digiri 90. Busasshen yashi yakan kwanta a tsakanin digiri 30 da 35. Yawancin hatsin da aka sussuka yakan kwanta ƙasa da haka, tsakanin 20 da 30. Ga hanya mai sauƙi ta riƙe wannan ba tare da ma'auni ba: a tsibin yashi, duk tashin taku 2 yana buƙatar shimfiɗar taku 3, a tsibin hatsi, tashin taku 1 yana buƙatar kimanin taku 2.

A gaskiya iyakar biyu ce. Akwai kusurwar tashi, wato gangaren da idan an kai shi zaftarewa za ta fara. Akwai kuma kusurwar kwanciya, wato gangaren da tsibi ke komawa bayan ta lafa. Ta farko ta ɗara ta biyu da digiri kaɗan. Wannan 'yar tazara ita ta sa tsabar masara ke zubowa kashi-kashi. Tsibin da yake tsakanin kusurwoyin biyu yana tsaye, ido kuma ba zai ga aibinsa ba, amma taku ɗaya ko girgizar mota na iya tayar da shi, kuma in ya tashi ba zai tsaya ba sai ya sauka zuwa kusurwar kwanciya.

Dalilin tazarar ya fito daga binciken Osborne Reynolds na jami'ar Manchesta a Ingila, a 1885. Ya gano cewa ƙwayoyin da suka matsu ba sa iya motsi sai sun fara buɗewa, kowace ta ɗaga ta haura 'yar'uwarta. Fara motsin ke da wuya. Da sun buɗe, ci gaba ya yi sauƙi. Masu awo sun san ɗaya fuskar wannan magana: a girgiza mudu, hatsi ya sauka ya matsu. Sun kuma san ƙololuwar da ke saman mudu tana da iyaka, duk abin da aka ƙara zai zube. Mudu mai faɗin baki ya fi mai ƙaramin baki ɗaukar ƙololuwa, ko da cikinsu ɗaya ne. Mai son adalci a awo sai ya dubi bakin mudu kamar yadda yake duban zurfinsa.

3. Yadda zaftarewa ke tafiya

Abubuwa uku ne za a lura da su.

Na farko, saman tsibin kawai ke gudu. A ƙaramin tsibi, kaurin sashen da ke kwarara bai fi na ƙwayoyi goma ko makamancin haka ba, na ƙarƙashi suna nan daram.

Na biyu, zaftarewa tana hawa kamar yadda take sauka. Idan aka kwashe shebur ɗaya daga gindin tsibi, ƙwayoyin da ke sama da gurbin sun rasa madogara, sai su faɗo. Na samansu ma su rasa, haka har ƙololuwa. Wato mai aiki a gindi shi ne ke kiran na sama, kuma a kansa za su sauko.

Na uku, manya da ƙanana suna rabuwa. Ƙananan ƙwayoyi sukan maƙale a sama da tsakiya, manya su mirgina zuwa gindi. Mata masu sheƙa suna ganin haka kullum, gutsattsarin totuwa da manyan tsakuwa a gefe suke taruwa. Mai sayen hatsi da ya ɗebi samfuri daga gefen tsibi kaɗai bai ga tsibin ba tukuna. Magini ma ya kamata ya juya yashin da tifa ta juye kafin ya kwaɓa.

Akwai wani ɗan ƙwaro da ke cin abinci da wannan ƙa'ida. Ku duba busasshen rairayi a gindin bango ko ƙarƙashin rumbu, za ku ga 'yan ramuka masu siffar mazurari. Ƙwaron yana ɓoye a tsakiya, ya haƙa gefen ramin daf da iyakar da rairayi ke iya tsayawa. Tururuwa na taka baki, sai ƙasa ta zame da ita. In ta yunƙura za ta fita, ya watso rairayi da kansa, gefen ya sake zubewa, ta gangaro masa.

A hamada kuwa iska ce ke aikin. Iskar hunturu mai tasowa daga arewa maso gabas tana tura rairayi ya hau bayan tudu, ya taru a ƙololuwa, ya zaftare ta ɗaya gefen. Da wannan zubewar kashi-kashi tuddan rairayi suke tafiya har su cinye gona ko rijiya, kamar yadda ake gani a Yusufari ta jihar Yobe da yankin N'Guigmi a Nijar. Ralph Bagnold, wani hafsan sojan Ingila da ya daɗe yana ratsa hamadar Masar da Libiya, ya wallafa littafi a kan haka a 1941, har yau masana suna aiki da shi.

4. Ana iya sanin ranar zubewa?

A 1987 masana uku a Amurka, Per Bak da Chao Tang da Kurt Wiesenfeld, sun tsara tsibi a kwamfuta suna ƙara masa ƙwaya ɗai-ɗai. Sun ga tsibin da kansa yake kai kansa bakin iyaka ya zauna a nan. Daga nan ƙwaya ɗaya na iya motsa biyu ko uku, wata kuma irinta ta kwaso gefe guda. A 1996 wasu masana a Oslo ta ƙasar Norwe suka gwada da shinkafa ta gaske. Doguwar shinkafa ta ba da zaftarewa ƙanana da manya babu tsari, gajeriya mai mulmule kuwa ba ta yi haka ba.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne: ana iya sanin gangaren da ke da haɗari, amma babu mai iya faɗin wane shebur ne zai tayar da shi. Wanda ya ce shekara da shekaru yana haƙa a wuri ɗaya bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, sai dai maganarsa ba ta zama hujja a kan gobe ba.

5. A cikin rumbu da sito

Hatsi ba ya raba nauyi daidai. Wasu ƙwayoyi suna jeruwa su tokare juna, su tura nauyin gefe zuwa bango. Wani injiniya ɗan Jamus mai suna Janssen ya auna wannan a 1895, ya ga cewa a dogon rumbu, bayan wani zurfi, ƙarin hatsi ba ya ƙara wa gindi nauyi sosai, bango ne ke ɗauka. Don haka tsagewar bangon rumbu ko na sito ba abin rainawa ba ne.

Idan aka buɗe kafa a ƙasa, hatsi yana zuba da gudu ɗaya, ko rumbun cike yake ko ya kusa ƙarewa. Faɗin kafar ke da hukunci: a ninka shi sau biyu, zubar ta ninku fiye da sau biyar. In kuma kafar ba ta kai faɗin ƙwayoyi kimanin biyar ba, sai su tokare juna ta toshe.

Akwai haɗari biyu a nan. Na farko, hatsin da ake zuƙewa ta ƙasa yana yin mazurari a sama, ya ja duk abin da ke kansa. A manyan rumbunan ƙarfe yana iya kama ƙafafun babban mutum cikin sakan 5, ya rufe shi kafin rabin minti. Na biyu, hatsin da ya sha laima yakan dunƙule a sama ya yi ɓawo, ƙarƙashi kuwa kogo ne. Wanda ya taka ya burma. A zungure shi da doguwar gora daga waje, kada a shiga.

Buhu yana hana ƙwayoyi gudu, shi ya sa dalar gyadar Kano ta zamanin Alhassan Ɗantata ta iya tsayawa da dubban buhuna. Duk da haka masu jerin ba su yi ta a miƙe kamar bango ba, kowane layi sai ya ja baya daga na ƙasansa. A sito ma a giciye buhuna layi-layi, a kuma riƙa ɗauka daga sama.

6. Laima mayaudariya ce

Yaro yakan tara jiƙaƙƙen yashi a kan ƙafarsa, ya daddanna, ya zare ƙafar, ɗakin ya tsaya da ƙofarsa. 'Yar laimar da ke tsakanin ƙwayoyi ce ta ɗaure su. Rana na bugawa ɗakin zai rushe, a kwara masa ruwa ma ya narke. Wannan ɗauri na aro ne, kuma ta hanya biyu ake rasa shi: bushewa ko jiƙewa sharkaf.

Bangon rami ma haka yake. Sabon haƙa yana tsayawa a miƙe saboda laima da ɗan yumɓun da ke cikin ƙasar. Sai hunturu ya busar da shi ya tsattsage, ko damina ta cika shi da ruwa, ya ƙara nauyi ya rage cijewa. Ƙasar Birnin Gwari tana da zinare, ana haƙar sa tun zamanin Turawa, kuma matasa da yawa suna neman abinci a ramukansa. Wasu na ɗibar yashi a koramu da rani, mata da yara kuma na shiga kududdufi neman ƙasar gini da ta yaɓe, suna kwakule gindin gaɓa saboda nan ta fi laushi. Duk waɗannan suna aiki ne a ƙarƙashin gangaren da ya wuce iyakarsa.

Maƙwabtanmu sun ga abin da ke biyo baya. A ranar 7 ga Nuwamba 2021 ramukan zinare sun rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A ranar 3 ga Yuni 2024, bayan ruwan sama mai yawa, wani ramin ma'adinai ya rufta a Galkogo cikin ƙaramar hukumar Shiroro ta jihar Neja, ya danne mutane da dama. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ƙasa mai tsawon mita 1, faɗin mita 1 da zurfin mita 1 tana kai nauyin tan ɗaya da rabi, wato buhu 15 na masara. Ba sai ta rufe kai take kisa ba. Idan ta kai ƙirji, duk numfashin da mutum ya fitar sai ta ƙara matsowa, har ya kasa shaƙa. Ƙwaƙwalwa kuma tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu iska.

7. Matakan kariya

1. Ramin da ya kai mita ɗaya da rabi, a kwantar da bangonsa ko a tokare shi da katako masu ƙwari. A ƙasa mai yashi, duk zurfin mita 1 a ja baya mita ɗaya da rabi. Wannan ita ce dokar aiki a Amurka, kuma daidai take da kusurwar kwanciyar yashi. Tun ran gini ran zane: a fitar da faɗin bakin rami kafin a sara diga ta farko.
2. Kada a kwakule gindin gaɓa ko na tsibi. A ɗiba daga sama.
3. A zuba ƙasar da aka fitar nesa da baki, aƙalla taku biyu. Tifa da babur da janareta ma su yi nisa.
4. A duba rami kowace safiya da kuma bayan ruwan sama. Tsaga a bakin rami, kumburin bango, tsattsafowar ruwa ko yoyon ƙasa, duk alamun fita ne nan take.
5. Kada mutum ya shiga shi kaɗai. A bar ɗaya a sama yana gadi.
6. A hana yara wasa a gindin tulin yashi da cikin kududdufi.
7. In abin ya faru, a kashe inji, a janye jama'a daga baki don gudun rufta ta biyu. A fara buɗe fuska da ƙirji da hannu, kada a sara da diga kusa da jiki, kada a fizge mutum da igiya. A kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa lau, domin illar dannewa takan bayyana daga baya.

Gwaji

Ku kasu rukuni-rukuni. Kowane rukuni ya samo mudu ɗaya na gero, na masara, na shanshera da na busasshen yashi. A naɗe takarda ta zama mazurari, a zuba kowanne sannu a hankali a kan tabarma. A auna tsayin tsibi da faɗin gindinsa, a rubuta. Wanne ya fi tsini? Sai a kwashe cokali ɗaya daga gindi a kalli inda zubewar ta tsaya. A ƙarshe a yayyafa wa yashin ruwa, a yanka gefensa a miƙe da wuƙa, a ajiye a rana, a dawo bayan la'asar a gani.

Lissafi

A zagaye gindin tsibi da igiya, a raba tsawonta gida 6. Abin da ya fito shi ne kimanin rabin faɗin tsibin. A ninka rabin faɗin da kansa, a ninka da tsayi. Misali, tsibin masara mai tsayin mita 1 da rabin faɗi mita 2: 2 × 2 × 1 = 4. Kowane ɗaya a nan yana daidai da masara kilo 750, saboda haka tsibin kilo 3,000 ne, wato buhu 30. In tsayi ya ninka sau biyu, faɗi ma zai ninka, nauyi kuwa ya ninku sau 8.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙarfi biyu ne ke ja-in-ja a kan ƙwayar da ke gefen tsibi?
2. Mene ne bambancin kusurwar tashi da kusurwar kwanciya?
3. Me ya sa ɗiba daga gindin tsibi ya fi ɗiba daga sama haɗari?
4. Ta waɗanne hanyoyi biyu bangon rami ke rasa ƙarfinsa?
5. Za a haƙa rami mai zurfin mita 2 a ƙasa mai yashi, faɗin gindinsa mita 1. Mita nawa ya kamata faɗin bakinsa ya kai?

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya je wuri ɗaya a unguwarsa inda ake haƙa ko tara yashi, ƙasa ko hatsi. Ya tsaya daga nesa ya duba gangaren, ya gwada shi da matakai bakwai na sama, ya kawo wa aji rahoto. Sannan ya zauna da masu aikin wurin ya yi musu bayani cikin ladabi, ya kuma sanar da mai unguwa idan ya ga haɗari. Mutanen Birnin Gwari sun yi rashin 'yan'uwa da yawa a shekarun rashin tsaro. Rashin da ilmi zai iya hanawa, kada mu bari ya ƙaru a kai. Wanda ya koyi wannan darasi, amana ce a wuyansa ya isar da shi ga wanda bai samu zuwa aji ba.